Yadda Ake Bin Sawun Annoba a Jos, Tun Daga Kantar Mai Kemis Har Zuwa Gaduwa

Wata damina, bayan sallar isha'i, na tsaya a shagon wani mai kemis a unguwarmu zan sayi maganin mura. Kafin a sallame ni mutum uku suka zo, kowa da buƙata iri ɗaya: gishirin ORS da maganin tsayar da gudawa. Ta ukun yarinya ce, ko takalmi babu a ƙafarta, ta ce mamanta ta kasa tashi. Mai shagon ya dube ni ya ce, "Malam, tun shekaranjiya haka nake fama, kwali guda ya ƙare." Na tambaye shi ko ya sanar da wani. Ya ce, "To wa zan gaya wa?"

Kwana uku ke nan cutar tana yawo a layi biyu, wanda ya fi kowa sanin halin da ake ciki yana tsaye a bayan kanta, amma bai san inda zai kai maganar ba. Na daɗe a kwamitin lafiya na mazaɓarmu, kuma abin da na gani shi ne yawancin rayukan da ake rasawa a annoba a irin waɗannan kwanaki ukun ake rasa su, kafin labari ya isa kunnen hukuma. Shi ya sa na rubuta wannan jagora domin masu unguwanni, masu kemis, ungozomomi, limamai, fastoci, malaman makaranta da sabbin ma'aikatan asibitocin unguwa, kowa ya san matakin da ya hau kansa da wanda ke biye.

Mataki na farko: san sarƙar da labari ke bi

Najeriya tana aiki da tsarin sa-ido da ake kira IDSR, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya reshen Afirka ta fito da shi a 1998. A sauƙaƙe, labari yana tashi daga unguwa zuwa asibiti mafi kusa. A kowane asibiti akwai ma'aikaci ɗaya da aka ɗora wa alhakin kai rahoton cututtuka. Shi ne zai sanar da jami'in sa-ido na ƙaramar hukuma, wanda ma'aikata ke kira DSNO. Kowace ƙaramar hukuma cikin 17 na Jihar Filato tana da nata: Jos ta Arewa da nata, Jos ta Kudu da nata, Jos ta Gabas da nata. Daga DSNO sai jami'in kula da annoba na jiha a Ma'aikatar Lafiya, daga nan sai hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, a Abuja, wadda aka kafa a 2011, aka kuma sanya hannu kan dokarta a watan Nuwamban 2018.

Abin da za ka yi yau, ba gobe ba: je asibitin unguwarku, ka gaisa da shugaban wurin, ka nemi lambar ma'aikacin da ke kai rahoto da ta DSNO na ƙaramar hukumarku, ka ajiye a waya. Ka ƙara da 6232, layin NCDC da ake kira kyauta. Amma ka sani, wanda zai zo ƙofar gida ya duba mara lafiya DSNO ne da tawagarsa, ba mutanen Abuja ba. Saboda haka lambarsa ta fi kowace muhimmanci.

Mataki na biyu: san abin da ya isa a kai rahoto

Ba a nemi mutumin unguwa ya zama likita ba. Ba aikinka ba ne ka ce wannan kwalara ce ko waccan Lassa ce. Aikinka ka ga alama ka faɗa. Alamomin kuma an sauƙaƙa su.

Amai da gudawa mai tsananin ruwa, wani lokaci fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa, mutum ya zabge cikin 'yan sa'o'i, ido ya faɗa, fata in an tsunkule ta ƙi komawa: wannan zargin kwalara ne. Zazzaɓi da ƙananan ƙuraje a jikin yaro, da tari ko majina ko jan ido: zargin ƙyanda. Zazzaɓi na farat ɗaya da sandarewar wuya, ko jariri da maɗigarsa ta kumbura: zargin sanƙarau, kuma lokacinsa rani ne, daga hunturu zuwa bazara. Ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, da wani farin ko tokan abu da ya shimfiɗu a cikin maƙogwaron: mashaƙo, wadda ta dawo da ƙarfi daga Kano a ƙarshen 2022 ta bazu zuwa jihohi da dama. Zazzaɓi da ido ya koma rawaya cikin mako biyu: zargin zazzaɓin shawara. Yaro ƙasa da shekara 15 da ƙafa ko hannu ya saki farat ɗaya ba tare da faɗuwa ba: a kai rahoto don a duba shan inna, ko da yake tun 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar da cewa nau'in cutar na daji ya ƙare a Afirka. Har yanzu ana bin kowane yaro irin wannan, don ta haka ake tabbatar da cewa ba ta dawo ba.

Zazzaɓin Lassa zan ɗan tsaya a kansa, saboda mu mutanen Jos muna da tarihi da shi. A watan Janairun 1969 wata ma'aikaciyar jinya ta mishan, Laura Wine, ta kamu da wani zazzaɓi a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu. Aka kawo ta Jos ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ita ma ta rasu. Ta ukunsu, Lily Pinneo, aka kai ta Amurka ta rayu, kuma a can aka gano ƙwayar cutar. A farkon 1970 cutar ta sake ɓulla a asibitin Evangel, wato Jankwano, inda likita Jeanette Troup ta yanke a hannu tana binciken gawar wanda cutar ta kashe, ta kamu ta rasu. Ka lura da waɗanda suka fara tafiya: masu jinya ne. Har yau haka take yi. Tana shigowa da kamannin maleriya ko taifot, a yi ta allura ana ƙarin ruwa da hannu tsirara, sai an ga jini a dasashi ko a fitsari sannan hankali ya tashi, alhali yawancin masu ita ba sa ma zubar da jini. Ƙa'idar da ya kamata kowa ya riƙe: zazzaɓin da ya kwana uku ko fiye, an sha maganin maleriya ko na ƙwayoyin cuta bai sauka ba, musamman tsakanin Disamba da Afrilu, a daina canza magani, a kira.

Akwai kuma abin da bai da suna: mutum biyu ko uku a gida ɗaya ko tsangaya ɗaya su kwanta da ciwo iri ɗaya a mako guda, ko mace-macen da aka kasa gane dalilinsu, ko kaji su yi ta mutuwa a gona, ko kare ya haukace ya ciji mutane. Duk wannan rahoto ne. Na dabbobi ma muna da gata a nan Filato, don Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa tana Vom tun 1924, kuma can ake gwajin murar tsuntsaye da haukan kare.

Mataki na uku: kira, kuma ka faɗi abin da zai yi amfani

Cututtukan da na lissafa ana son labarinsu ya isa cikin awa 24. Kada ka jira tabbaci. DSNO ya fi son ya zo sau goma ya tarar ba komai, da ya ji labari bayan an binne mutum biyar.

In ka kira, faɗi abu biyar: wane ne ba shi da lafiya da shekarunsa, me ke damunsa, yaushe ya fara, ina gidan yake, kuma akwai wasu masu irin ciwon? Batun gida ina roƙo a ba shi muhimmanci. Na taɓa raka wani jami'i neman yaron da aka rubuta a rajistar wani asibiti da zargin ƙyanda. A gurbin adireshi abin da aka rubuta kawai shi ne sunan unguwa, babu layi, babu sunan mai gida, babu lambar waya. Unguwar kuwa ta fi wani garin girma. Muka wuni muna shiga lungu muna fita, sai da la'asar wata mai ƙosai ta gane gidan daga kwatancen mahaifiyar. Muka tarar da yara huɗu a kwance a ɗaki ɗaya, ɗayan numfashinsa har ya fara sama-sama. Da an rubuta "bayan masallacin kaza, gida mai jan ƙyaure, kusa da injin niƙa" da tun safe mun iso. A Unguwar Rogo, Gangare, Rikkos ko Dilimi, kwatance shi ne adireshi. A rubuta shi cikakke, tare da lambar waya biyu in da hali.

Mataki na huɗu: aikin takarda a asibiti

Wannan na ma'aikata ne, amma yana da kyau jama'a su san shi don su gane dalilin yawan tambayoyi. Duk wanda ake zargi da ɗaya daga cikin cututtukan nan ana cike masa fom na kansa, IDSR 001A. In za a ɗauki samfur sai a haɗa da 001B na ɗakin gwaji. In marasa lafiya suka yi yawa sai a buɗe 001C, wato jerin sunaye, kowa da layinsa. Bayan wannan akwai rahoton mako, 002, da na wata, 003. Na mako yana barin asibiti ranar Litinin, ya bar ƙaramar hukuma Talata, ya bar jiha Laraba. Yanzu DSNO yana shigar da bayanan a manhajar SORMAS ta waya ko kwamfutar hannu, wadda aka ƙirƙira bayan Ebola ta 2014, don haka abin da aka shigar a Bukuru ana ganinsa a Abuja nan take.

Abu ɗaya da sabbin ma'aikata ke rainawa shi ne rahoton sifili. Ko ba a ga mara lafiya ko ɗaya ba a makon, dole a aika a rubuta sifili. Dalilin a fili yake: shiru yana iya nufin lafiya lau, yana kuma iya nufin ma'aikacin ya yi tafiya ko ya manta. Sifili kuwa yana nufin an duba ba a gani ba. Kuma a ganina babban giɓin da muke da shi a Jos shi ne asibitoci masu zaman kansu da shagunan magani. Mutane da yawa can suke fara zuwa, amma ba duka ke cikin sarƙar rahoto ba. Duk DSNO da ke son aikinsa ya yi kyau, ya san masu kemis na yankinsa da suna.

Mataki na biyar: a je a gani

Da zarar labari ya iso, ana so a fita bincike cikin awa 48. Tawagar gaggawa ta ƙaramar hukuma ta ƙunshi DSNO, ma'aikacin jinya ko likita, mutumin ɗakin gwaji, duba-gari da mai wayar da kan jama'a. Wurin farko da za su tsaya shi ne gidan mai unguwa. Wannan ba ladabi kawai ba ne. Baƙo da jaka da takarda in ya shiga lungu shi kaɗai, ƙofofi rufewa suke yi. In kuwa mai unguwa ya ce, "Ku saurare su, namu ne," har uwar ɗaka za a kai su. Kuma tawagar da babu mace a cikinta rabin labari za ta samu, don akwai gidajen da namiji ba ya shiga, kuma uwa ce ta san ranar da yaro ya fara zazzaɓi da abin da ya ci.

Suna duba mara lafiya su ga ko alamominsa sun dace da na cutar da ake zargi. Suna bin rajistar asibitocin kusa na makonnin baya, suna bi gida-gida suna neman wasu. Kowane mara lafiya ana tambayarsa ranar da ciwo ya fara, inda ya je, abin da ya ci, ruwan da yake sha, da ko an yi masa riga-kafi. Daga nan sai abubuwa biyu masu sauƙi amma masu fallasa asirin cuta. Na farko, a zana taswirar unguwa ko da a bayan kalanda ne, a ɗiga alama a kowane gida mai mara lafiya, a sa rijiyoyi, burtsatse, famfo, kwata da masai. Na biyu, a jera adadin waɗanda suka kwanta kowace rana. In suka tashi gaba ɗaya cikin kwana biyu, to abu ɗaya suka ci ko suka sha, kamar a wajen biki ko daga rijiya ɗaya. In suna ƙaruwa kaɗan-kaɗan da tazara, daga mutum zuwa mutum take tafiya.

A waccan daminar da na fara ba da labari, taswirar ce ta yi magana. Ɗigo-ɗigon duk sun kewaye wata rijiya da 'yan garuwa ke ɗiba, wadda masai ke kusa da ita, ruwan sama kuma ya cika ramin ya tumbatsa. Jos gari ne na dutse, ƙasar ba ta da zurfi a wurare da yawa, gidaje a matse, don haka rijiya da masai sukan zama maƙwabta. Gidajen da suka yi nisa da rijiyar amma suka kamu, da aka bincika, garuwa ɗaya ke kai musu ruwa.

Yaushe ake cewa annoba ta ɓarke? Kowace cuta da ma'auninta. Lassa, zazzaɓin shawara da shan inna, mutum ɗaya da gwaji ya tabbatar ya isa. Ƙyanda, mutum biyar da ake zargi a wata ɗaya a yanki ɗaya zargin ɓarkewa ne, uku da gwaji ya tabbatar kuwa ɓarkewa ce. Sanƙarau ana lissafa shi da yawan jama'a: mutum 3 cikin 100,000 a mako ɗaya gargaɗi ne, 10 cikin 100,000 annoba ce.

Mataki na shida: samfur

Nan ne iyalai suka fi turjewa, kuma nan ne ya kamata a yi musu bayani a tsanake. Kwalara bayan gida ake ɗauka, a fara da gwajin gaggawa, sannan a aika wani a ɗakin gwaji don a raini ƙwayar a tabbatar, kuma an fi so a ɗauka kafin a ba da maganin ƙwayoyin cuta. Ƙyanda, shawara da Lassa jini ake ɗauka. Mashaƙo ana shafo maƙogwaro da auduga. Sanƙarau ruwan ƙashin baya ake ɗiba, wanda ke tsorata iyaye ƙwarai, amma shi ke nuna nau'in ƙwayar, nau'in kuma shi ke nuna allurar da za a kawo. Yaron da gaɓarsa ta saki ana ɗaukar bayan gidansa sau biyu, da tazarar aƙalla awa 24, cikin kwana 14 da fara ciwon, a sa a akwatin sanyi zuwa ɗakin gwajin shan inna na Ibadan ko Maiduguri.

Samfurin Lassa ana naɗe shi rufi uku, a rubuta suna da kwanan wata a jikin kwalbar, a haɗa da fom, a tura ɗakin gwajin da aka amince da shi, kamar babban ɗakin gwaji na ƙasa da ke Gaduwa a Abuja. Kwalbar da ba suna ko wadda ta kwana a rana, aikin banza ce.

Ba a jiran sakamako kafin a fara magani. Mai gudawa a fara ba shi ORS tun a gida, a kan hanyar asibiti ma yana kurɓa. In babu na leda, a tafasa ruwa lita ɗaya ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Yara a haɗa musu da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14. Kwalara in aka kama ta da wuri, cikin mutum 100 ko ɗaya bai kamata a rasa ba. Amma a 2021, da ta mamaye jihohi da dama har da Filato, an samu fiye da mutum 100,000 da ake zargi a ƙasar, aka rasa fiye da 3,000, mafi yawa saboda an makara.

Mataki na bakwai: bin waɗanda suka yi mu'amala da mara lafiya

A nan ake katse igiyar cuta. Ana zama da mara lafiya ko iyalinsa a rubuta duk wanda ya taɓa shi, ya wanke kayansa, ya kwana ɗaki ɗaya da shi, ya yi masa allura, ko ya wanke gawa. Ga Lassa ana bin kowannensu kwana 21, ana auna zafin jiki kullum. Wanda ake bi ba mara lafiya ba ne, ba kuma mai laifi ba. In zazzaɓi ya taso masa sai a ɗauke shi a gwada, in ita ce a fara ba shi maganin ribavirin da wuri, don maganin ya fi aiki a kwanakin farko. Ga mashaƙo, 'yan gidan ana ba su maganin ƙwayoyin cuta da allura, shi kuma mara lafiya ana killace shi a ba shi maganin karya dafin cutar.

Da wannan aikin Najeriya ta tsira daga Ebola. Patrick Sawyer, wanda ya shigo da cutar daga Laberiya, ya sauka Legas ranar 20 ga Yulin 2014, likita Stella Adadevoh ta hana shi barin asibiti, ita ma cutar ta tafi da ita. Aka bi kusan mutum 900 ɗaya bayan ɗaya. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba aka ayyana ƙasar ta rabu da cutar.

Abin da ke ɓata wannan mataki ɓoyewa ne, abin da ke kawo ɓoyewa kuma tsangwama ce. In aka bari sunan gida ya fita a majalisa ko a WhatsApp, gobe wani ba zai faɗa ba. Na ji wata dattijuwa ta ce wa ma'aikaciyar lafiya, "'Yar nan, in kun zo kada ku tsaya da mota a ƙofata, 'yata aure za ta yi." Ma'aikaciyar ta ce, "To Iya, da ƙafa zan riƙa zuwa, kamar mai shigowa gaisuwa." Haka ta yi har kwanakin suka cika, kuma gidan ba su ɓoye mata komai ba.

Mataki na takwas: toshe inda cutar ke fitowa

Kowace cuta da ƙofarta. Kwalara ruwa da bayan gida ne. Duba-gari zai rufe rijiyar da ta gurɓata ko a zuba mata sinadarin kulorin, a tara 'yan garuwa a wanke jarkokinsu a nuna musu inda za su ɗiba. Ba a kore su, don in an kore su mutane kogin Dilimi ko kududdufan tsofaffin ramukan kuza za su koma. A gida a tafasa ruwan sha ko a sa ƙwayar kulorin a jira minti 30. Ma'aikata suna haɗa ruwan kulorin kashi uku: mai ƙarfin 0.05 cikin 100 na wanke hannu, 0.2 na goge gado da daɓe, 2 na amai da bayan gida. Kayan lambun Farin Gada da ake ci ɗanye, latas, kabeji, karas da tumatir, a wanke su da ruwa mai tsabta.

Lassa ɓera ke kawo ta, ta fitsari da kashinsa a kan abinci. A zuba hatsi da gari a mazubi mai murfi, a daina shanya a ƙasa a bakin titi, a toshe ramuka, a nisanta bola da gida. A asibiti kuwa safar hannu ga kowane mara lafiya, ba sai wanda ake zargi ba.

Ƙyanda, mashaƙo, shawara da sanƙarau allura ce maganin yaɗuwarsu. In an tabbatar da ɓarkewa ana yin gangamin riga-kafi a unguwar da maƙwabtanta, yaran da suka kamu da ƙyanda kuma a ba su sinadarin bitamin A. A 2024 Najeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar sanƙarau mai kariya daga nau'i biyar. Amma gangami faci ne kawai. Ainihin garkuwar ita ce katin yaro: allurar penta mai kare mashaƙo a mako 6, 10 da 14, ta ƙyanda a wata 9 da wata 15, ta shawara a wata 9. Duk unguwar da ƙyanda ta ɓarke, in ka nemi katunan yara za ka ga dalili.

Sai batun gawa, wanda dole a yi shi da tausayi. Gawar mai Lassa ko kwalara tana yaɗa cuta. Akwai tawagar da aka horar don suturta irin wannan mamaci, kuma ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta tanadi yin taimama a madadin wanka ga Musulmi, a sa likkafani, a yi sallah ba tare da an taɓa ba. Kirista ma ana yi musu addu'a yadda ya dace. Wannan magana tun kafin a yi rashi ya kamata a tattauna ta da limamai, fastoci da masu wankan gawa. Ranar makoki ba ranar muhawara ba ce.

Mataki na tara: a gaya wa mutane gaskiya

Jita-jita ta fi kwalara gudu, kuma inda hukuma ta yi shiru nan take yin ƙarfi. Mutanen Arewa ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba, don haka mai shakka ba wawa ba ne, amsa yake nema. A faɗi sunan cutar, alamominta, inda za a je, da ko magani kyauta ne. A faɗa a huɗubar Juma'a, a coci ranar Lahadi, a Islamiyya, a rediyo da Hausa da sauran harsunan Filato, a kuma bi da sanƙira lungu-lungu. In sakamakon gwaji ya fito, a koma a gaya wa iyali da mai unguwa, ko ya nuna cutar ko bai nuna ba. Wannan komawar ita aka fi mantawa da ita. An ɗebi jinin yaro an tafi, ba a sake jin ɗuriyar kowa ba, sai uwa ta ƙudurta a ranta ba za ta ƙara yarda ba.

Mataki na goma: rufewa da shirin gaba

Ba a cewa annoba ta wuce don an kwana biyu ba a ga sabon mara lafiya ba. Ana jiran ninki biyu na tsawon lokacin da cutar ke ɓuya a jiki. Ga Lassa kwana 42 ke nan daga na ƙarshe. Bayan haka a zauna a auna aikin da ma'aunin da ake kira 7-1-7: an gano ɓarkewar cikin kwana 7 da farawarta? An sanar da hukuma cikin kwana 1? An kammala matakan farko cikin kwana 7? Inda aka makara a nemi dalili. Wani lokaci kuɗin mota ne ya hana DSNO fita, wani lokaci kwalaben samfur ne babu, wani lokaci mai kemis ne bai san wanda zai kira ba. A rubuta, a kai wa shugaban ƙaramar hukuma da kansila, don kuɗin fita bincike a kasafinsu ya kamata ya fito.

Kafin ruwan Afrilu ya sauka, kwamitin unguwa ya zagaya ya ƙirga rijiyoyin da ke kusa da masai, a yashe kwata, a tambayi asibiti ko akwai ORS, ruwan ƙari da kulorin a ajiye. A watan Nuwamba a tunatar da ma'aikata alamomin Lassa da sanƙarau, a duba safar hannu da takunkumi, a leƙa tsangayoyi da makarantun kwana inda yara ke cunkushe a ɗaki ɗaya saboda sanyin Jos. A duk lokutan biyu a danna lambar DSNO a ji ko tana shiga, don ana sauya wa ma'aikata wurin aiki, sannan a sake rarraba sabuwar ga masu kemis, ungozomomi da wanzamai.